Buhu Biyar, Duka na Inusa

Malam Abdulmumini,

Ka taimake ni da shawara, don a nan ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana ba tare da ta koma kunnen waɗanda ta shafa ba. Ranar kasuwar da ta wuce dattawan garinmu sun kira Inusa, sun ce masa baɗi kada ya haɗa gujiyarsa da tasu, kuma ba ya cikin waɗanda za a ba iri. Ya ce ya ji. Yanzu matarsa Zalihatu ta fara ɗaure ƙorai. Sun ce da shanu sun gama cin karan gona za su kora su su koma wajen danginsu a ƙasar Dogon Kiriya.

Bari in faro daga farko, ko da yake ni kaina ban san inda farkon yake ba. Ni Kirista ce. Na yi lakwal ɗin mishan a Dogon Dutsi, can na koyi karatu da ɗinki, can kuma muke zaune da maigidana. Amma an haife ni a wani ƙauye na wajen Kiéché, ba zan faɗi sunansa ba. Baba yana nan da ransa. Shi ke karanta addu'a ranar Lahadi ga gidajen Kirista da ke garin, kuma har Musulmi suna kawo masa ƙara in an yi rigimar iyakar gona. Inusa kuwa mutumin rugar bayan gari ne. Iyayensu sun zo da shanu tun kafin a haife ni, aka ba su wuri, shanunsu na kwana a gonakinmu da rani su bar mana taki, su ma suka kama noma kaɗan kaɗan. Da aka haife ni nonon Inna bai zo ba, uwar Zalihatu ce ta shayar da ni tare da ita. Har yau ba ta kirana da sunana, sai dai ta ce 'yar nono.

Maigida aikinsa duba gujiya, wadda mutanen gabas ke ce wa gyaɗa. Yana bin garuruwa a kan keke da wani ƙarfe mai rami, ya soka buhu, ƙwaya ta zubo, ya fasa ya duba. In ta yi kyau lamba ɗaya ce. In akwai fumfuna ko ruɓa sai ta faɗa lamba biyu, farashinta ya yi ƙasa. Da can Nasara ne ke wannan aiki. Bayan mun samu mulkin kai aka fara ba 'ya'yan ƙasa, kuma ranar da aka ba shi Baba ya yanka masa zakara don murna. Bana an tsananta ƙwarai, wai masu saye can ƙasar Turai sun gano gujiya mai fumfuna tana kashe kaji, suna tsoron kada ta taɓa mutum.

Mutanen garinmu suna haɗa gujiyarsu wuri guda a sayar tare. Bana buhu ɗari da ashirin aka samu. Kowane gida da shaidarsa a jikin buhu da shuni, na Baba gicciye, na Inusa irin tsagar da ke kunnen shanunsu. Aka jera su a filin ƙofar maigari kamar yadda aka saba, na manya a gaba. Na Baba da na ƙannensa su ne jerin farko, sai na sauran gidaje, sai na Inusa goma sha huɗu can ƙarshe jikin darni.

Ina wurin, don na bi maigida in gaida Inna. Baba ya shimfiɗa tabarma ya jingina da buhunansa. Malam, ka san mutanen Arewa da kunyar suruki, Kirista da Musulmi da masu bori duk ɗaya muke a wannan. Maigida tun daga nesa ya sauka daga keke, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa idonsa a ƙasa. Ya ɗauko ƙarfen. Na gan shi ya tsaya gaban jerin farko, ƙarfe a hannu, ga bayan Baba manne da buhu. Sai ya wuce. Na gaba na ƙanen Baba ne, shi ma suruki, ya wuce. A tsakiya kowane gida akwai mai ce masa mijin ɗiyarmu. Kaka Ladidi, tsohuwar da ta yi mini wankan jarirai, ta ɗaga murya ta ce in ya huda mata buhu sai ya ɗinke shi da gashin bakinsa da bai gama fitowa ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ya wuce. Bai tsaya ba sai jikin darni. Can ya soka buhu biyar, kuma duka biyar ɗin na Inusa ne.

Biyu daga ciki akwai fumfuna. Ba zan ɓoye ba, na gani da idona, cikin ƙwayar ya yi kore kore, da warin ɗakin da ya daɗe a rufe. Sai aka sa gujiyar gari duka a lamba biyu.

Ba wanda ya tambayi abin da ya sa ba a taɓa na gaba ba. Kowa ya ɗauka ladabi ne, har ana yaba masa, ana ce wa Baba ya yi dacen suruki. Fushin duka ya koma kan Inusa. Wani ya ce dama hannun da ya saba da sanda ba ya iya hauya. Wani ya ce ya bar gujiya a ƙasa mai laima ya bi shanu. Shi dai Inusa abin da ya ce, bai musa buhu biyun ba, amma ruwan da ya sauka bai tsaya tambayar gidan wane ne ba.

Ruwan nan shi ke hana ni sukuni. Bayan an cire gujiya an yi wani ruwa na ƙarshen damina da ba wanda ya zata. Ina gida lokacin, Inna ba ta da lafiya. Gujiyar Baba tana shanye, muka fita a guje muna rufewa da zana da tabarmi, wata ta jiƙe. An sake shanya ta, ta bushe a ido. Ko cikinta ya lalace ko bai lalace ba, ban sani ba. Baba ya ce tasa lafiya lau take, kuma shi ba maƙaryaci ba ne, abin da ya yarda da shi ke nan.

Na yi wa maigida magana bayan mun dawo. Ya ce ka'idar da aka ba shi a biro, wato ofishinsu, buhu biyar ce ga kowane gari, biyar kuwa ya soka. Ya ce shi kaɗai ne da keke ɗaya, ga garuruwa har wajen Tibiri suna jiransa. Ya ce fumfunar ba shi ya zuba ta ba, samunta ya yi. Da na matsa sai ya tambaye ni ko ina son ya cusa ƙarfe a buhun da ubana ya jingina da shi, a gaban gari. Gaskiya ran nan da ya wuce jerin Baba wani sanyi na ji a zuciyata. Tun daga nan in na ɗauko zancen sai ya tashi ya hau gyaran keke, ko ba abin da ya same shi. Ba mugu ba ne, Malam. Abincinsa ma ya ragu.

Zalihatu ta zo Dogon Dutsi da man shanu kamar yadda ta saba. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce mini kawai, 'yar nono, mijinki akwai ladabi, sai dai ladabin a kanmu ya sauka. Ta ajiye man ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

To ga tambayata. Ni ba mai ilimin lissafi ba ce, ɗinki na sani. Buhu biyar sun isa a yanke wa ɗari da ashirin hukunci? In kuma biyar ɗin na mutum ɗaya ne, me aka sani game da sauran? In na buɗe baki a gari, na ce aikin mijina bai yi ba, wataƙila ya rasa aikin, kuma na jefa zargi kan gujiyar ubana. In na yi shiru, mutanen da suka shayar da ni za su tashi da sunan su suka ɓata wa gari kaya. Buhunan suna mangaza, ɗakin ajiyar kaya, a nan Dogon Dutsi, da shaidar kowa a jiki, ana jiran kamyo, babbar motar da za ta kwashe su. Ka gaya mini abin da zan yi.

Ɗiyar Arewa, Dogon Dutsi

Ɗiyata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Tambaya biyu kika haɗa, ta lissafi da ta zumunci. Zan fara da ta lissafi, don ita ce mai sauƙi, kuma amsarta za ta rage wa ɗayar nauyi.

Buhu biyar ba su isa ba, ko da an ɗebe su yadda ya kamata. A ce cikin kowane buhu goma na tulin garinku ɗaya ne mai fumfuna. In mutum ya ɗebi biyar ido rufe, kusan sau shida cikin goma ba zai ci karo da ko ɗaya ba, sai ya wanke kayan da ba su da tsabta. Kusan sau ɗaya cikin goma sha biyu kuma zai ci karo da biyu ko fiye, sai ya zaci kusan rabin tulin ya ruɓe. Biyu cikin biyar na iya fitowa daga tulin da ɓarnarsa kaɗan ce, na iya fitowa daga wanda mafi yawansa ya lalace. Da buhu talatin abin ya sha bamban. A irin wancan tulin, yiwuwar a soka talatin ba a ga komai ba ba ta kai sau ɗaya cikin ashirin ba. Ban ga ka'idar biron mijinki ba. In biyar ta ce, to an yi ta ne don mutum ɗaya mai keke ɗaya ya iya zagaya garuruwa, kuma wannan uzuri ne na gaske. Amma na tabbata wanda ya tsara ta ya nufi biyar daga ko'ina cikin tulin.

Nan ne babbar ɓarakar take. Mai sayen gero a kasuwa takan tura hannu har gindin kwando, don ta san saman ba ya ba da labarin ƙasan. Buhu biyar daga kusurwa ɗaya labarin kusurwar kawai suke bayarwa. Abin da aka sani ran nan shi ne aƙalla biyu cikin buhunan Inusa goma sha huɗu suna da fumfuna. Game da sauran ɗari da shida ba a san komai ba, ko alheri ko akasinsa. Dattawa sun ce gujiyar Inusa ta fi tasu lalacewa. Wannan magana ce ta kwatanci, kwatanci kuwa sai da abu biyu, su kuma ɗaya suka buɗe. Masu wannan ilimi suna farawa ne da ɗaukar cewa babu bambanci tsakanin kayan wane da na wane, sai in awo ya nuna akwai. Alƙalin kirki ma haka yake yi.

Sai dai ki yi hattara, don ke ma kina dab da yin abin da suka yi. Kin ga ruwa ya taɓa gujiyar Baba sau ɗaya, an sake shanya ta. Wannan dalilin a duba ne, bai kai hujja ba. Kada ki faɗi wannan a gari. Kuma fumfunar da mijinki ya samu ta gaskiya ce. Da ya rufe ido ya wuce ta don tausayi, da laifinsa ya fi wannan girma, don abinci ne mutane za su ci. Kuskure iri biyu ne a wannan aiki, a wanke mai laifi ko a kama marar laifi, kuma duk mai gudun ɗaya kawai yakan faɗa ɗayan.

Ba na ganin mijinki mugu. Nasaran da ya riƙe ƙarfen kafin shi ba shi da suruki a Arewa, don haka wanda ya tsara aikin bai taɓa tunanin ranar da mai dubawa zai tarar da uban matarsa jingine da buhu ba. Mu da muka karɓi aikin mu za mu nemo masa hanya, kuma ba sai mun zubar da kunyarmu ba. Hanyar kuwa tsohuwa ce a wurinmu, wato ƙuri'a. A sa wa kowane buhu lamba da gawayi, a rubuta lambobin a zuba cikin hula, maigari ya zaro talatin daga cikin ɗari da shidan a gaban kowa. In ta faɗa kan buhu mai gicciye, ba surukin ne ya zaɓa ba. Ƙarfen ma wani ma'aikacin biron na iya riƙewa. Na Inusa kuwa tun da ba su da yawa a duba su duka. Kowane buhu a soka shi sama da tsakiya da ƙasa.

Abu mafi muhimmanci, a yi magana a gama tun kafin a huda buhu ko ɗaya, don in an bari sai an ga sakamako kowa zai ja shi wajen da yake so. In an samu huɗu ko biyar masu fumfuna cikin talatin ɗin, to gari da Inusa jirgi ɗaya ya kwaso su, ruwan ne ya ci kowa. In talatin ɗin sun fita fes, na Inusa kuma suka ƙara fitar da wasu, to tasa ta fi lalacewa, kuma ki shirya wa wannan, don yana iya faruwa. In abin ya tsaya tsakatsaki, sai a ce hujja ba ta isa ba, kuma ba a korar mutum a kan hujjar da ba ta isa ba. Ko da tasa ce ta fi lalacewa, maganin shi ne a ware buhunan da suka ɓaci, a nuna masa yadda zai shanya baɗi. Gidan da shanunsa suka yi shekara da shekaru suna bar wa gonakin gari taki bai cancanci a tashe shi a kan damina ɗaya ba.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Kada ki fara da dandali. Ki koma wa mijinki, amma ki bar tambayar ko ya yi daidai, don ita ce ke tura shi wajen keke. Ki kai masa maganar ƙuri'a. Shi da kansa ya je wa shugabansa ya ce biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito, ya faɗi dalili, ya nemi a sake dubawa. Ba zan yi miki alkawarin ba za a tsawata masa ba. Amma ma'aikacin da ya kawo gyaran aikinsa da ƙafarsa ya fi zama lafiya da wanda aka gano daga baya, kuma shugaban nasa ma yana da surukai.

Baba kuma ki bi ta wajen Inna, kamar yadda aka saba. Ba zargi za ki kai masa ba. An sa gujiyarsa a lamba biyu ba tare da an duba ƙwaya ɗaya daga cikinta ba, shi ma an zalunce shi ke nan in tasa lafiya take kamar yadda ya ce. Mutumin da ake kawo wa ƙarar iyakar gona ya san ba a yanke hukunci da jin gefe ɗaya. Ina kyautata zaton in an faɗa masa haka shi zai fara cewa a huda nasa.

Zalihatu kuwa kada ki jira sakamako. Ki je rugar da ƙafarki a wannan mako, ki gaya mata abin da kika gani da abin da kike ƙoƙarin yi, ki roƙe su su dakata da tafiya. Kada ki ce mata za a wanke su, don ba ki sani ba.

In kuma kamyo ya riga ku, to ba wanda zai taɓa sanin gaskiyar buhu ɗari da shidan nan, kuma wannan abin baƙin ciki ne da ba ni da maganinsa. Duk da haka akwai magana ɗaya da ba ta buƙatar buhu. Mijinki ya tsaya gaban dattawa ya ce nasu bai duba ba, don haka bai ce sun fi na Inusa ba. Wannan zai yi masa nauyi fiye da zuwa biro, amma bashin gaskiya ne da ke kansa, ke kuma ki tsaya kusa da shi ran nan.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya bar zumuncin nono, Ya ba Inna lafiya.

Na sa an tambaya mini a Dogon Dutsi. An ce an fara lodin gujiya daga mangaza, amma har lokacin da wannan shafi ya tafi wurin bugawa ba a tabbatar mini ko buhunan garinku na cikin waɗanda suka tafi ba.

Abdulmumini